Larabci Zalla, Hausa a Gida, Makarantar Turanci ko Mayar da Yaro Gida: Wanne Ya Dace da Ɗan Bahaushe a Saudiyya?

Magidancin da ke zaune da iyalinsa a Makka, Madina ko Jidda, da zarar yaro ya doshi shekara shida sai tambayoyi biyu su taso masa a lokaci guda. Wace makaranta za a sa shi? Da wane harshe za a riƙa yi masa magana a gida? Yawancinmu cakuɗa su muke yi. Shi ya sa za ka ji uwa ta ce ta daina yi wa 'ya'yanta Hausa don kada ta rikita musu karatu, ko uba ya ce zai tura ɗansa Kano ya koyo Hausa da tarbiyya, alhali bai zauna ya lissafa abin da zai biyo baya ba.

Hanyoyin da mutanenmu ke bi huɗu ne: makarantar gwamnati da Larabci zalla a gida, makarantar gwamnati da Hausa a gida, makarantar kuɗi mai koyarwa da Turanci, sai mayar da yaro Najeriya ko Nijar. Ban sa haddar Alƙur'ani cikin jerin ba, domin halƙar masallaci tana tafiya da kowace daga cikinsu. Wannan bayani kuma na mai igama ne, wato takardar izinin zama ta baƙo. Yaron da ba shi da takardar zama, gyara takardarsa shi ne gaba da duk wata muhawara.

Abubuwan da za a auna

Na farko kuɗi, kuma ba na makaranta kaɗai ba. Tun Yulin 2017 aka sa haraji kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar baƙo ma'aikaci. Ya fara da riyal 100 a wata, ya kai 400 a Yulin 2020. Ga wanda harajin ya hau kansa, zaman yaro ɗaya a ƙasar yana cin riyal 4,800 a shekara tun kafin a sayi fensir.

Na biyu ɗorewa: takardar da yaro zai fito da ita za ta yi masa aiki a inda zai zauna yana ɗan shekara 18? Na uku sauƙi, wato wa zai ɗauki wahalar kullum, kuma galibi uwa ce. Na huɗu haɗari: me zai rushe idan aiki ya tsaya ko aka samu saɓani da kafili, wato wanda igamarka ke ƙarƙashinsa?

Na biyar ba ya fitowa a takardar sakamako, amma shi ke juya sauran: yadda yaron kansa ya ɗauki Hausa. Akwai yaron da ke jin ta sarai, amma idan mahaifiyarsa ta kira shi da ita a ƙofar makaranta sai ya yi kamar ba da shi ake ba, don gudun abokai su ce masa Takaruni, sunan da ake yi wa mutanen Afirka ta Yamma gori da shi a can. Wannan kunyar ba ta tsayawa a kan harshe. Yaron da ke jin nauyin a ji muryar uwarsa zai ɓoye takardar gayyatar iyaye, ba zai faɗi abin da malami ya yi masa ba, in wani darasi ya shige masa duhu ba zai kawo shi gida ba. Daga nan iyaye sun rasa hanyar sanin halin da karatunsa ke ciki.

Masana sun daɗe a kan wannan batu. A 1962 Elizabeth Peal da Wallace Lambert sun gwada yara a Montreal ta Kanada, suka tarar masu harshe biyu sun zarce masu harshe ɗaya a gwaje-gwaje da dama, saɓanin abin da aka yi imani da shi a lokacin. A 1979 Jim Cummins ya kawo bayanin cewa ƙwarewar da yaro ya samu a harshen farko, kamar iya bin labari, kawo dalili da kwatanta abu da abu, tana ƙetarawa zuwa harshe na biyu. Shi ne kuma ya bambanta harshen hira, wanda yaro kan kama cikin kamar shekara biyu, da harshen karatu, wanda kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. A 1991 Lily Wong Fillmore ta nuna yadda 'ya'yan baƙi a Amurka da suka saki harshen gida da wuri suka wayi gari hira mai zurfi da iyayensu ta gagare su. Kada dai a ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba. Alfahari da Hausa ba ya cin jarrabawar lissafi. Abin da yake yi shi ne barin ƙofa a buɗe tsakanin yaro da mutanen da suka fi kowa damuwa da karatunsa.

Hanya ta ɗaya: makarantar gwamnati, Larabci zalla a gida

Ita ce mafi arha. Karatu da littattafai kyauta ne, rajista ta manhajar Noor ake yi, sai dai 'yan ƙasa ake fara ba gurbi, don haka baƙo kan iya samun makaranta nesa da unguwarsa. Ita ce kuma mafi sauƙi, domin ko ba ka yi komai ba ita za ta faru: makaranta, titi, talabijin da waya duk Larabci suke yi.

Inda lissafin ya karkace shi ne zaton da ake yi cewa Larabcin gida zai taimaki na makaranta. Littafi da jarrabawa da fusha, wato daidaitaccen Larabcin karatu, ake yin su, abin da iyaye ke yi a gida kuwa Larabcin Hijaz ne na kasuwa da tasi, wani lokacin ma gurguwarsa. Shi kansa ɗan Balarabe sai ya shiga aji yake fara kokawa da fusha. Ke nan uwar da ta ajiye Hausa ba fusha ta ba ɗanta ba. Saurari irin wannan gida da yamma: ta'al, ruh, kul, uskut. Zo, tafi, ci, yi shiru. Matar da in da Hausa ne za ta kwashe awa guda tana tatsuniya, tana habaici, tana bayyana wa yaro dalilin da ya sa ba a miƙa wa babba abu da hagu, ta koma mai ba da umarni da kalma ɗaɗɗaya. Yaron ya rasa Hausa, kuma bai samu wadataccen Larabci a madadinta ba.

A nan dole a ware gidajen da suka yi kaka da kakanni a Hijaz. Hausawa sun daɗe suna zuwa hajji a ƙafa ta Cadi da Sudan su tsallaka teku daga Sawakin, kuma ƙaura zuwa gabas ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokin waɗannan da yawa 'yan ƙasa ne, Larabci ne harshen da suke mafarki da shi. Tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 tana da 'yan wasa uku masu sunan Hausawi, har da kyaftin ɗinta Usama Hausawi. Ga irin waɗannan gidaje Larabci a gida ba sakaci ba ne, shi ne harshen da iyaye suka fi ƙarfi a kai, kuma ƙa'idar ɗaya ce: ka yi wa ɗanka magana da harshen da ka fi iya zuba zance da shi.

Haɗarin wannan hanya ga mai igama babba ne. Ranar da zama ya ƙare, yaro zai sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ba Hausa, ba isasshen Turanci. An fara koyar da Turanci daga aji ɗaya a makarantun gwamnati tun 2021, amma darasi ne guda cikin darussa, ba zai ɗauki yaro ya zauna jarrabawar WAEC ba.

Hanya ta biyu: makarantar gwamnati, Hausa a gida

Kuɗinta daidai yake da na ta farko. Wahalarta ce ta ninka, kuma ta fi ta da. A baya yaron da ya tashi a Shara Mansur a Makka, ko Karantina da Sabil a Jidda, yana jin Hausa wajen mai tsire, mai ɗinki da maƙwabta, ko iyaye ba su yi wani ƙoƙari ba. Rusau da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 ya watsa unguwanni irin su Sabil, Karantina da Gulail, a Makka ma sababbin hanyoyi da gine-gine sun ci gidaje masu yawa. Iyalin da suka koma bene a unguwar da ba Bahaushe ko ɗaya, Hausar yaro ta rage daga bakin uwa sai na uba.

Yadda abin ke zamewa sananne ne. Ɗan fari ya iya ta tsaf. Da ya shiga makaranta sai ya fara yi wa ƙannensa Larabci, na uku kuwa yana ji amma ba ya mayarwa. Kira ta bidiyo da kaka ita ke tona asiri. Tsohuwa daga Gusau tana ta washe baki: "Maigidana, ka manta da ni ko? Yaushe za ka kawo mini cefane?" Yaro ya ce aiwa, ya dubi uwarsa, ya miƙa mata waya ya gudu.

Abin da ke riƙe wannan hanya ba duka ba ne, ba tara ba. Idan yaro ya amsa da Larabci, a maimaita masa abin da ya faɗa da Hausa a ci gaba da hira. Babban mai kashe ta kuwa dariya ce. Yaron da ya ce "mota ya zo" aka kwashe da dariya, aka kira shi ɗan Larabawa a gaban baƙi, ya gama yin Hausa a gaban mutane. 'Yan uwa masu zuwa Umara sun fi kowa wannan laifi, gara a ja musu kunne tun kafin su sauke jaka.

Sai karatu. Hausar baka zalla tana riƙe zumunci, amma wadda ke ƙetarawa ta taimaki makaranta ita ce wadda ake tattauna abu mai nauyi da ita. Yaro ya karanta darasin kimiyya da Larabci, ya rufe littafi ya bayyana wa uwarsa da Hausa yadda ruwan sama ke samuwa. In ya iya, ya gane darasin. In ya kasa, haddacewa ya yi. Uwar da ba ta iya karanta fusha ba tana iya wannan aikin kullum. Rubutun boko ma ba ya ɗaukar lokaci ga yaron da ya fara haruffan Turanci, shafukan BBC Hausa da Aminiya kuma suna cikin waya. Wanda ya samu rubutun ajami ya gwada shi, domin yaron da ya saba da baƙaƙen Larabci ya riga ya yi rabin tafiya.

Rauninta na gaskiya yana shekarar farko. Yaron da ya shiga aji ɗaya da ɗan Larabci kaɗan zai sha wuya, malami kuma na iya ɗaukar shirunsa a matsayin daƙiƙanci. Maganin shi ne rauda, wato ajin share fage, da halƙa, shekara ɗaya ko biyu kafin firamare. Can gaba kuma akwai jarrabawar Kudurat da Tahsili da jami'o'in ƙasar ke dubawa. Ɓangaren harshe na Kudurat yana gwada fahimtar nassi, cike jimla da alaƙar kalmomi, kuma wanda ya yawaita karanta littattafan Larabci ne ke cin sa, ko da wane harshe ake yi a gidansu. Wannan hanya ba ta magance matsalar Turanci, sai an nemi darasi na daban.

Hanya ta uku: makarantar kuɗi mai Turanci

Farashi ya bambanta ƙwarai: daga 'yan dubban riyal a shekara a makarantun al'ummomin baƙi, zuwa dubbai gommai a manyan makarantu masu manhajar Ingila ko Amurka. A ƙara harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari, wanda hukuma ke ɗauke wa 'yan ƙasa a kuɗin makaranta amma baƙo shi ke biya, sai mota, kayan makaranta da kuɗin jarrabawar ƙarshe. Mai 'ya'ya biyar ya ninka komai sau biyar kafin ya yi sha'awa.

Ƙarfinta takarda ce mai tafiya ko'ina. Yaron da ya yi jarrabawar Cambridge ba zai ji JAMB ta zame masa baƙuwa ba, alhali darasin Turanci wajibi ne a cikinta. Amma tana ɗora wa yaro harshe uku, kuma Hausa ce ke zama ta ƙarshe a layi. Larabcin da doka ta wajabta wa waɗannan makarantu koyarwa bai cika yin zurfi ba, har ka ga yaro haifaffen Madina yana tuntuɓe a karatun jarida. Ta fuskar yadda yaro ke kallon kansa akwai riba da hasara. Ajin cike yake da 'yan Indiya, Pakistan, Masar da Sudan, kowa da harshen gidansu, don haka gorin ya fi sauƙi. Sai dai Turanci na zuwa da girman kai, wani yaron ya dawo yana raina Hausa da Larabcin gaba ɗaya.

Babban haɗarinta yankewar kuɗi a tsakiya. Ɗan aji takwas da aka cire aka kai makarantar gwamnati zai tarar da fusha ake koyar da lissafi da kimiyya, ya zama baƙo a ƙasar da aka haife shi. Ƙananan makarantu masu arha kuma sai an shiga aji an saurari Turancin malamai kafin a biya.

Hanya ta huɗu: mayar da yaro gida

Ba abin da ke dawo da Hausa da sauri kamar wannan. Yaro ƙarami cikin 'yan watanni zai fara faɗa da ita a layi. Kuɗi ma ta fi sauƙi ga mai samun riyal, kuma in an yi wa yaron fita ta dindindin harajin nan na 4,800 ya faɗi. Amma fitar dindindin na nufin igamarsa ta tafi, dawo da shi sai an sake neman izini daga farko. Wanda ya bar igamar a raye kuma zai ci gaba da biya, ga kuɗin jirgi.

Kada a ɗauka komawa gida na nufin yaro zai ga ana girmama Hausa a aji. Makarantun kuɗi da yawa a Kano da Kaduna hukunta mai yin ta suke yi. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta janye a Nuwamban 2025, duk da cewa a ƙasar ne Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife daga 1970, inda yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza a Turanci ba. A Nijar an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma ɗan da aka kai Maraɗi ko Damagaram zai tarar manyan jarrabawa da Faransanci ake yin su. Larabcin da yaro ya zo da shi kuwa dukiya ce da ke zubewa in ba a sa shi inda ake amfani da ita ba. Makarantun da ke yin jarrabawar hukumar NBAIS sun dace da irinsa, tunda suna haɗa Larabci da darussan boko.

Sauran magana ita ce riƙo. Kaka tana da ƙauna, amma ba lallai ta iya bin aikin gida ba. Gidan kawu kuma yana da nasa 'ya'yan. Yaron da ya ɗauka an jefar da shi ne saboda laifi zai haɗa Hausa da horo a ransa, ya tsane ta fiye da da. A ganina ƙasa da shekara bakwai ya yi ƙanƙanta da rabuwa da uwa, sama da 14 kuma jarrabawa ta matso, Turancin ba zai nuna ba.

| Ma'auni | Gwamnati, Larabci zalla | Gwamnati, Hausa a gida | Makarantar Turanci | Mayarwa gida |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kyauta, sai harajin zama | Kyauta, sai harajin zama | Mai tsada, ga haraji biyu | Matsakaici |
| Takarda | Mai ƙarfi a ƙasashen Larabawa | Mai ƙarfi a ƙasashen Larabawa | Tana tafiya ko'ina | Mai ƙarfi a gida |
| Wahalar iyaye | Kaɗan | Kullum | Aljihu da sa ido | Kewa da dogaro da wani |
| Makomar Hausa | Takan ɓace | Takan tsaya in an dage | Tana baya | Takan dawo da sauri |
| Babban haɗari | Komawa gida ba shiri | Gajiya, da ƙarancin Turanci | Yankewar kuɗi | Riƙo marar kyau, rasa igama |

Wa ya dace da wanne

Ɗan ƙasa, ko wanda uwar 'ya'yansa 'yar ƙasa ce, makomar yaransa a nan take. Makarantar gwamnati ta wadatar. In akwai tsohuwa mai Hausa a gidan, a bar yara su zauna da ita, kada a riƙa yi mata tafinta.

Mai igama da ƙaramin albashi, wanda shi ne mafi yawanmu, hanya ta biyu ce tasa, kuma ita na fi ba mutane shawara. Ba ta fi ta farko tsada ko da riyal ɗaya ba, kuma duk abin da ta farko ke bayarwa a makaranta ita ma tana bayarwa. Sharaɗin shi ne ya fara nema wa yaro darasin Turanci na daban tun daga aji huɗu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma baƙo ba ya shiga jami'ar gwamnati kai tsaye kamar ɗan ƙasa, galibi sai ta gurbin tallafi mai iyaka. Wanda ke fatan ɗansa ya yi ilimin addini a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura shi ma nan ya dosa, ya ƙara da halƙa, kuma ya tuna cewa in yaron ya koma gida da Hausa zai karantar.

Likita, injiniya ko malamin jami'a da ya zo da kwangilar 'yan shekaru, musamman in wurin aiki na biyan kuɗin makaranta, ya sa yara a ta Turanci don kada manhaja ta yanke musu in an tashi. Shi ne ya fi kowa buƙatar dokar Hausa a gida, domin shi da matarsa sun iya Turanci, zamewa ba ta yi musu wuya.

Mayarwa gida ta dace da wanda harajin zama ya fi ƙarfinsa, ko wanda ya san saura masa shekara ɗaya ko biyu ya tattara. In za a yi, a kai yaro hutu sau ɗaya ko biyu tukuna ya saba da gidan da zai zauna, a tafi da takardun makarantarsa da hatimin hukumar ilimi, a kuma daidaita tafiyar da farkon zangon Satumba. Wa da ƙani su tafi tare ya fi a tura ɗaya shi kaɗai.